Yadda Ake Lissafin Lasisin Manhaja Bisa Ƙwayoyin Saba Idan An Haɗa Ɗakin Saba da Gajimare

A Gombe yanzu ba abin mamaki ba ne ka shiga wata makaranta, ko asibiti, ko ƙaramin banki, ka tarar da ɗaki mai sanyi da aka jera sabobi biyu ko uku a cikinsa, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da aikin cibiya, sannan a gaya maka cewa wani sashe na aikin yana can a gajimaren Microsoft ko na Amazon, wato sabobinsu da ake haya ta intanet. Dalilin wannan gauraye a fili yake ga duk wanda ya san halin wutar kamfanin rarraba lantarki na JED da tsadar dizal: ana son abin da ke buƙatar sauri ya zauna a gida, abin da bai kamata ya mutu ba ko da wuta ta ɗauke kwana uku ya zauna a waje. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsara kasafin irin wannan aiki. Kwamiti zai yi doguwar muhawara a kan farashin ƙarfe, wato sabobin kansu, da inbata, da batura, da na'urar sanyaya ɗaki, amma lasisin manhaja sai a bar masa layi guda a ƙasan takarda, alhali sau da yawa shi ne ya fi duk sauran cin kuɗi. Kuma yawan kuɗin nasa ya rataya ne a kan adadin ƙwayoyin sarrafawa da ke cikin sabobin, wato lambar da akan yanke shawara a kanta tun ranar sayen ƙarfen, ba tare da an tambayi mai lissafi ba.

Mataki na farko: ƙirga abin da ke cikin ƙarfen

Kowace saba tana da furosesa ɗaya ko biyu, wani lokaci huɗu, kuma a cikin kowace furosesa akwai ƙwayoyi masu zaman kansu waɗanda su ne ke yin ainihin aikin lissafi. Wasu manyan kamfanonin manhaja sun daina sayar da lasisi bisa yawan furosesa ne saboda ƙwayoyin sun yi ta ƙaruwa a cikin furosesa guda: Microsoft ta mayar da SQL Server kan ƙwaya a 2012, ta bi da Windows Server a 2016. Saboda haka kada ka dogara da abin da dila ya rubuta a takardar farashi, ka zauna gaban kowace saba ka duba da idonka. A Linux umarnin lscpu zai nuna maka layin Socket(s), da layin Core(s) per socket, da layin Thread(s) per core. Ka ninka na farko da na biyu, ka samu adadin ƙwayoyin gaske. A Windows kuma Task Manager yana nuna Cores da Logical processors daban-daban, kuma na farkon shi ne abin rubutawa.

Bambancin waɗannan lambobi biyu yana da muhimmanci ƙwarai. Fasahar da Intel ke kira Hyper-Threading tana sa ƙwaya ɗaya ta bayyana kamar biyu, har saba mai ƙwayoyi 32 ta nuna 64. Idan ƙarfen kake saya wa lasisi, 32 za ka ƙirga. Idan kuwa sabar kwaikwayo kake saya wa, wato wadda manhaja irin su VMware ko Hyper-V ta ƙirƙira a cikin ƙarfen, to kowace vCPU, wato ƙwayar kwaikwayo, da ka ba ta ana ƙirga ta a matsayin ƙwaya cikakkiya, ko da rabin ƙwaya ce a zahiri. Haka abin yake a yawancin injunan gajimare, inda vCPU ɗaya ke nufin zare ɗaya, wato ɗaya daga cikin biyun da ƙwaya ke bayyana.

Ka buɗe takarda mai jadawali, ka ba kowace saba layinta: sunanta, inda take, yawan furosesa, ƙwayoyin kowace furosesa, manhajar da ke riƙe da sabobin kwaikwayo, da sunan rukunin da take ciki. Domin misalin da za mu bi har ƙarshe, mu ɗauka wata cibiya tana da sabobi uku a rukuni guda, kowacce da furosesa biyu masu ƙwayoyi 16. Kowace saba tana da 32 ke nan, rukunin duka 96.

Mataki na biyu: gano inda kowace manhaja za ta iya zuwa

Nan ne mutane suka fi tafka asara, don haka zan daɗe a kansa. Amfanin haɗa sabobi a rukuni shi ne idan ɗaya ta faɗi, ko aka kashe ta domin gyara, sabobin kwaikwayon da ke cikinta su yi ƙaura zuwa 'yan uwanta da kansu. Masu sayar da lasisi kuwa ba su tsaya ga inda manhajar take a yau ba, suna duba duk inda ƙaura za ta iya kai ta. Lamarin ya yi kama da direban da ake karɓar masa kuɗin tasha bisa yawan kujerun motarsa, ko da fasinja biyu kawai ya ɗauka.

Ɗauki Windows Server. Ƙa'idarsa ita ce a saya wa duk ƙwayoyin sabar lasisi, mafi ƙaranci 8 ga kowace furosesa da 16 ga kowace saba. Nau'in Standard yana ba da izinin sabobin kwaikwayo biyu kacal idan an rufe duk ƙwayoyin. In ana son wasu biyu, sai a sake rufe duk ƙwayoyin daga farko. Nau'in Datacenter ba shi da iyaka. A farashin da Microsoft ta wallafa na Windows Server 2025, ƙwayoyi 16 na Standard dala 1,176 ne, na Datacenter kuma dala 6,771. A sabarmu mai 32, zagaye ɗaya na Standard ya kama dala 2,352, Datacenter kuma dala 13,542. Zagaye biyar na Standard, mai ɗaukar sabobin kwaikwayo goma, dala 11,760 ne, amma da zarar an kai sha ɗaya sai an yi zagaye na shida, wanda ya haura farashin Datacenter.

Yanzu a ce cibiyar tana da sabobin kwaikwayo 12 na Windows, huɗu a kowane ƙarfe. Mai gaggawa zai sayi zagaye biyu ga kowace saba ya ce ya gama. Amma ranar da aka kashe ɗaya domin sauya mata fanka ko faifai, huɗunta za su rabu a kan biyun da suka rage, kowacce ta ɗauki shida, kuma lasisin da ke kan wadda aka kashe ba zai bi su ba, domin ƙa'idar Microsoft ta hana a ɗauke lasisi daga wata saba zuwa wata kafin kwana 90, sai dai in ƙarfen ya lalace gaba ɗaya an daina amfani da shi. Lissafin gaskiya shi ne zagaye uku ga kowace saba, dala 7,056 sau uku, wato dala 21,168. Tun watan Oktoban 2022 akwai wata hanya ta daban ga wanda yake biyan Software Assurance, wato ƙarin kuɗin da ake ba Microsoft a kan lasisi domin sabuntawa da wasu damammaki, ko yake hayar lasisi shekara-shekara: yana iya saya wa kowace sabar kwaikwayo lasisinta, mafi ƙaranci ƙwayoyi 8, kuma lasisin ya riƙa bin ta duk inda ta koma cikin rukunin. Ga cibiyar da ƙarfenta ke da ƙwayoyi da yawa amma sabobin Windows ɗinta kaɗan ne, wannan hanya ta cancanci a sa ta cikin kwatanci. Kada kuma a manta da lasisin masu shiga, wato CAL, wanda ake saya daban bisa yawan ma'aikata ko na'urori.

Rumbun bayanai shi ne inda lambobin ke firgita mutum. SQL Server ana sayar da shi ne ƙwayoyi biyu-biyu, kuma mafi ƙaranci shi ne huɗu ga kowace furosesa ko kowace sabar kwaikwayo. Farashin da aka wallafa na SQL Server 2022 shi ne dala 3,945 ga ƙwayoyi biyu na Standard, da dala 15,123 ga biyu na Enterprise. Sabar kwaikwayo mai vCPU huɗu da ke riƙe da rajistar ɗalibai ko ta majinyata a kan Standard za ta ci dala 7,890. Wanda kuma ya ce a rufe duk rukunin da Enterprise domin hankalinsa ya kwanta, zai sayi fakiti 48, dala 725,904. Daga nau'in 2022, saya wa sabar kwaikwayo lasisi ita kaɗai sai da Software Assurance ko haya, kuma wannan biyan ne yake ba ta damar yawo tsakanin sabobi, yake kuma ba da izinin ajiye kwafin jiran ko-ta-kwana ba tare da sabon lasisi ba, matuƙar kwafin ba ya yin wani aiki. Idan aka fara fitar da rahoto daga kwafin, ya tashi daga mai jira ya zama mai aiki, kuma kuɗinsa ya wajaba.

Oracle, wadda ita ma ke sayar da manhajar rumbun bayanai, ta fi kowa tsauri a wannan fanni. Tana ninka ƙwayoyin Intel da AMD da 0.5 domin fitar da adadin lasisi, kuma kowane lasisi na Enterprise Edition dala 47,500 ne a jerin farashinta, ban da kashi 22 cikin ɗari da ake biya duk shekara domin tallafi. Matsayarta ita ce raba ƙarfe ta hanyar VMware ba raba ba ne, don haka ƙaramin rumbu guda da aka ajiye cikin rukuninmu zai sa ta ƙirga ƙwayoyi 96 duka: lasisi 48, dala 2,280,000, sannan dala 501,600 kowace shekara. Gaskiya ne takardar da ta bayyana wannan matsaya ta faɗa da kanta cewa ba ta cikin yarjejeniya, kuma lauyoyi na jayayya a kai, amma ban ga hikimar ƙaramar cibiya a Gombe ta gina kasafinta a kan fatan cin galabar jayayya da Oracle ba. A kuma kula da ƙarin kayan da ke zuwa a cikin Enterprise Edition, irin su Diagnostics Pack da Tuning Pack da Partitioning, domin kowanne yana da nasa lasisin, kuma injiniya na iya taɓa su da danna maɓalli guda ba tare da ya san ya jawo bashi ba.

Mataki na uku: ware mai tsada daga mai araha

Maganin duk abin da ya gabata shi ne katanga. Manhajar da ake biya da tsada bisa ƙwaya a ba ta nata ƙarfen, ƙarami, wanda ba ya cikin babban rukuni, ba ya kuma tarayya da shi a ma'ajiyar faifai ko a manhajar da ke gudanar da ƙaura. Rumbun Oracle ɗin nan da ya jawo lasisi 48, idan aka ɗora shi a saba mai furosesa ɗaya da ƙwayoyi 8, lasisi huɗu ne, dala 190,000. Idan ma aikin bai buƙaci Enterprise ba, Standard Edition 2 ana biyansa ne bisa furosesa, dala 17,500 kowacce, a kan saba da ba ta wuce gurbin furosesa biyu ba.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa nake adawa da al'adar sayen sabar hannu mai ƙwayoyi rututu don kawai an same ta da araha a Legas. Furosesar da ta tsufa tana da ƙwayoyi masu jinkiri, sai an tara da yawa kafin su yi aikin da 'yan kaɗan na zamani za su yi, kuma mai lasisi ba ya rage ko sisi saboda tsufan ƙwaya. Ga rumbun bayanai, abin nema shi ne ƙwayoyi kaɗan masu sauri, da ƙwaƙwalwar wucin gadi mai yawa, da faifai mai sauri, domin waɗannan biyun ba a biyan lasisi a kansu.

Sai dai akwai tarko a ɗaya gefen. Bayan Broadcom ta kammala sayen VMware a watan Nuwamban 2023, ta daina sayar da lasisin mallaka na dindindin, ta koma haya bisa ƙwaya, kuma tana ƙirga aƙalla 16 ga kowace furosesa. Saba mai furosesa biyu masu ƙwayoyi 8 za a caje ta 32, alhali 16 take da su. Saba mai furosesa ɗaya da ƙwayoyi 16 kuma 16 za a caje ta. A wajen Windows Server duka biyun daidai suke. Don haka wanda zai ci gaba da VMware, furosesa ɗaya mai 16 ta fi masa biyu masu 8. Wanda kuma bai ga dole ba, Hyper-V yana zuwa ne a cikin Windows Server, Proxmox kuma, wadda ke yin irin aikinsu, kyauta ne, sai in an so biyan tallafi bisa furosesa.

A wannan gaɓa ne ya dace a tambayi kowane rumbu ko dole ne ya zauna a kan manhajar kuɗi. PostgreSQL da MariaDB ba su da kuɗin lasisi ko ƙwayoyi nawa aka ba su. SQL Server Express na 2022 kyauta ne ga rumbun da bai wuce gigabayit 10 ba, nau'in Developer kuma kyauta ne domin gwaji da koyo, amma haramun ne a ɗora masa aikin gaske. Inda manhajar da aka saya daga wani kamfani ta ƙi aiki sai da SQL Server ko Oracle, ba yadda za a yi, amma sabon aikin da yaran ofis ke rubutawa da hannunsu ba shi da dalilin fara rayuwa da bashin dala.

Mataki na huɗu: lissafin ɓangaren gajimare

A gajimare hanyoyi biyu ne. Ko dai ka ɗauki inji da lasisi a cikin kuɗinsa, ana cajin ka bisa vCPU da tsawon lokacin da yake kunne, ko ka kawo lasisin da ka riga ka mallaka. Hanyar farko ta dace da aikin da ke zuwa da lokaci, kamar shafin rajista da ke cika maƙil a makonnin ɗaukar ɗalibai sannan ya yi tsit har wata shekara. Ta biyu ta dace da abin da ke kunne dare da rana, kusan awa 730 a wata.

Kawo lasisi yana da sharuɗɗa da ya kamata a karanta da natsuwa. A Azure, wato gajimaren Microsoft, shirin Azure Hybrid Benefit yana karɓar lasisin Windows Server da SQL Server masu Software Assurance. Lasisin Datacenter na Windows ana iya amfani da shi a gida da kuma Azure lokaci guda, amma na Standard wuri ɗaya ne, sai dai an ba da kwana 180 na amfani biyu domin ƙaura. A gajimaren Amazon da Google, SQL Server mai Software Assurance yana iya zuwa, amma Windows Server ba shi da wannan dama a kan injunan tarayya, kuma tun 1 ga Oktoban 2019 Microsoft ta ƙuntata kai sababbin lasisi ko da kan ƙarfen da aka keɓe wa mutum a wurin manyan kamfanoni huɗu: Alibaba, Amazon, Google da ita kanta. A aikace wannan na nufin sabar Windows a Amazon kusan koyaushe da lasisin cikin kuɗi za a ɗauke ta. Ƙananan masu bayar da haya, ciki har da na nan gida Najeriya, ba sa cikin wannan jerin, kuma sauyin 2022 ya ba mai Software Assurance damar kai lasisinsa wurinsu.

Oracle kuma ba ta amfani da ragin 0.5 a gajimaren Amazon da Azure. Tana ƙirga vCPU biyu a matsayin lasisi ɗaya idan Hyper-Threading na kunne. Ƙwayoyi huɗu a gida lasisi biyu ne, amma irin wannan ƙarfi a can vCPU takwas ne, lasisi huɗu. Aiki iri ɗaya, kuɗi ninki biyu.

Akwai dabarar da ke rage kuɗi sosai wadda ba kowa ya san da ita ba. Rumbun bayanai yakan buƙaci ƙwaƙwalwa mai yawa fiye da ƙwayoyi, amma injin gajimare mai babbar ƙwaƙwalwa yana zuwa ne da vCPU masu yawa. Azure na da injuna masu taƙaitattun ƙwayoyi, irin su E8-4ds_v5, wanda ke da ƙwaƙwalwar inji mai takwas amma huɗu kawai ke aiki, kuma huɗun ake saya wa lasisi. Amazon na da irin wannan a ƙarƙashin Optimize CPUs. Sannan a sa wa faɗaɗa kai-tsaye iyaka, domin injin da ke haifar 'yan uwansa idan aiki ya yi yawa yana haifar da buƙatar lasisi tare da su. A Azure kuma kashe inji daga cikin Windows ba ya tsayar da caji. Sai shafin gudanarwa na Azure ya nuna an saki injin gaba ɗaya, kuma ko a lokacin kuɗin faifai na ci gaba.

Mataki na biyar: mayar da lissafin zuwa naira

Duk farashin da na kawo na jerin kamfanonin ne, da dala. Dila na iya ragewa, makarantu kuma suna da nasu farashin mai sauƙi da ya kamata su nema da takardun shaida. Abin da ba ya raguwa shi ne haɗarin canji. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, kafin ƙarshen watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma duk cibiyar da ta sa hannu a hayar shekara-shekara ta ga kuɗinta ya ninka fiye da sau uku ba tare da ta ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Saboda haka a yi lissafin shekara uku zuwa biyar, a jera sayen mallaka da haya gefe da gefe, a yi shi da farashin dala na yau sannan a sake da wanda ya fi shi muni. A ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da kuɗin fitar da bayanai daga gajimare zuwa gida, wanda tsarin gauraye ke jawowa kullum. Idan kuma za a biya kamfanin waje kai tsaye ta banki a kan yarjejeniyar lasisi, a tuntuɓi NOTAP, hukumar da ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, tun da wuri game da rajistar yarjejeniyar, kada lokacin sabuntawa ya zo takardu ba su kammala ba.

Mataki na shida: takardu da dila

Manyan yarjejeniyoyin lasisi suna ba kamfani ikon zuwa bincike, kuma abin da mai bincike ke nema shi ne shaidar saye, ba kalmar injiniya ba. Mabuɗin da aka saya da 'yan dubbai a intanet yana iya kunna Windows, amma ba lasisi ba ne. A tabbatar an yi rajistar kowane lasisi da sunan cibiyar da adireshin imel nata, ba da na ɗan kwangila ko na ma'aikacin da zai iya barin aiki gobe ba. Kafin a biya dila, a aika masa da jadawalin mataki na farko, a nemi ya rubuta a takarda mai hatimi adadin ƙwayoyin da ya rufe a kowace saba, nau'in lasisin, ko akwai Software Assurance da ranar ƙarewarsa, da adadin sabobin kwaikwayon da kowane ƙarfe zai iya ɗauka a ranar da ɗaya ta faɗi. Jadawalin kuma a sabunta shi duk wata uku, da duk ranar da aka ƙara saba a rukuni ko aka ƙara wa wani inji vCPU, kuma a kafa doka cewa ba a yin ko ɗaya daga cikin biyun sai mai riƙe da jadawalin ya sa hannu.